Karatun Sanin Jama'a da Iya Yi Musu Magana: Wace Sana'a Yake Koyarwa?

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbi, akwai gidajen da murnarsu take rabi da rabi. Yaro ya nemi lauya aka ba shi soshiyoloji, wato nazarin zamantakewar ɗan Adam, ko kuwa yarinya ta dage sai sashen sadarwa da aikin jarida alhali mahaifinta ya so ta yi harhaɗa magunguna. Tambayar da ke biyo baya ba ta sauyawa: to idan an gama, aikin me za a yi? Tambaya ce mai hujja, domin wanda ya sayar da hatsi ko ya ci bashi ya biya kuɗin rajista na shekara huɗu yana da haƙƙin sanin abin da ya saya. Ba kuma iyayenmu kaɗai ke yin ta ba. A 2015 ministan ilimi na Japan, Hakubun Shimomura, ya aika wa jami'o'in gwamnatin ƙasar takarda yana neman su rufe ko su sauya fasalin sassan nazarin zamantakewa da adabi zuwa abin da ya ce ya fi biyan buƙatar jama'a, kuma Shugaba Museveni na Uganda ya sha kiran irin waɗannan kwasa-kwasai marasa amfani a bainar jama'a. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa waɗannan fannoni biyu suna shirya ɗalibi don aiki, amma abin da suke ba shi mai ɗorewa ɗabi'a ce ta tunani: ya iya auna labari kafin ya yarda da shi, ya kuma iya gane dalilin da ya sa mutane suke yin abin da suke yi kafin ya buɗe baki ya yi musu magana. Kyamara da manhaja da salon rubuta kanun labari duk suna biyo bayan wannan, kuma sashen da ya koyar da su ya bar ɗabi'ar ya yaye ɗalibi da kayan da za su tsufa kafin ya gama bautar ƙasa.

Ya kamata a fara da tsohuwar tambaya, wadda malamanmu suka riga ministan Japan yi da ƙarnoni: wane ilimi ne mai amfani? Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a kanta a farkon Ihya'u Ulumid Din. Ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi, sannan ya kawo sana'o'i huɗu da ya ce su ne ginshiƙan rayuwa: noma, saƙa, gini da siyasa. Abin da yake nufi da ta ƙarshen shi ne haɗa kan mutane da tsara yadda za su taimaki juna wajen neman abin rayuwa, kuma ita ya ɗora a kan sauran ukun. Dalilin a fili yake. Manomi yana aiki da ƙasa, masaƙi da zare, magini da tubali, amma ba ɗayansu da zai ci gajiyar aikinsa idan babu wanda ya san yadda ake zama da mutane, yadda ake raba ruwa tsakanin ƙauyuka biyu, yadda ake shawo kan mai gardama. Idan haka ne, ilimin da ke nazarin yadda jama'a ke haɗuwa da rabuwa, da ilimin da ke nazarin yadda saƙo ke tafiya a tsakaninsu, ba 'yan rakiya ba ne a zauren ilimi. Suna cikin abin da al'umma take da alhakin samar wa kanta.

Wanda ya fi kowa bayyana abin da irin wannan ilimi yake yi shi ne Ibn Khaldun, ɗan Tunis da aka haifa a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. Ya rubuta Muƙaddima a 1377 a wata ganuwa da ke ƙasar Aljeriya ta yau, kuma abin lura shi ne dalilin da ya sa ya ƙirƙiro fannin nazarin zaman jama'a. Matsalarsa ita ce labaran ƙarya. Ya ga marubuta tarihi suna kwafar duk abin da suka ji, sai ya ce bai isa a duba ko mai ba da labari mutumin kirki ne ba, dole a duba ko abin da ya faɗa zai yiwu bisa yadda zaman mutane yake. Misalinsa sananne ne: Mas'udi da wasu sun ruwaito cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai dubu 600, shi kuwa ya tambaya ina ƙasar da za ta ciyar da wannan runduna, ina filin da za ta yi sahu, yaya zuriyar mutum ɗaya za ta kai haka cikin kakanni kaɗan, alhali daular Farisa da girmanta ba ta tara fiye da dubu 120 a yaƙin Ƙadisiyya ba. A nan soshiyoloji da aikin jarida suka haɗu tun kafin a raɗa musu suna. Ɗan jaridar da aka ce masa mutum miliyan biyu sun halarci gangami a filin da bai ɗaukar dubu hamsin, da jami'in agaji da aka kawo masa sunayen 'yan gudun hijira da suka ninka yawan mutanen ƙaramar hukumar, da ma'aikacin banki da aka nuna masa ƙungiyar manoma wadda duk mambobinta gida ɗaya suka fito, aikin Ibn Khaldun suke yi ko sun sani ko ba su sani ba. Wanda aka horar da shi a kan wannan ya fi wanda zai koye shi bayan an damfare shi.

Hujja mafi nauyi kuwa ba a littafi take ba, a tarihinmu na kusa take. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa, kuma Kano ba ta koma ba sai ƙarshen Yulin 2004. A tsakanin nan cutar ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Maganin yana nan, kuɗin yana nan, likitoci suna nan. Abin da ya ɓace shi ne yarda, kuma ba a awon yarda a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya karanci jama'a zai fara da tambayar da masu kawo magani ba su yi ba: me ya sa mutanen da ke tafiya asibiti da ƙafarsu neman maganin zazzaɓi suke rufe ƙofa idan an kawo musu wannan kyauta har gida? Amsar tana cikin abubuwan da suka gani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, sha ɗaya suka mutu, shari'a ta yi ta jan ƙafa har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Ga yaƙin Iraƙi da aka fara a wannan shekara ta 2003, ga kuma tambaya mai sauƙi da uwa take yi: ɗana yana mutuwa da ƙyanda da gudawa ba mai zuwa, don me wannan ɗigon kaɗai ake bina da shi? Abin da ya warware matsalar shi ma aikin sanin jama'a ne. An kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, an shigar da sarakuna da malamai ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, an ɗauki matan unguwa waɗanda ake gaisawa da su a gidan suna su riƙa shiga gida-gida, an haɗa rigakafin da sabulu da maganin wasu cututtuka. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta asali na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Wannan dabara ta bi ta hannun mutanen da ake ji da su darasi ce ta shekarar farko a sashen sadarwa. Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi masu zaɓe a wata gunduma ta jihar Ohayo a Amurka lokacin zaɓen 1940, suna zaton za su ga rediyo da jarida suna juya ra'ayin mutane kai tsaye, sai suka tarar saƙon yakan sauka ne a kan wasu tsiraru, su kuma su kai wa sauran a hira. Bahaushe bai buƙaci Ohayo ba don ya san cewa maganar liman ko mai unguwa ko uwar ɗaki ta fi sanarwar gwamnati shiga kunne, amma akwai bambanci tsakanin sanin abu a dunƙule da iya tsara shiri a kansa: su wane ne ake ji a wannan gari, mata wa suke tambaya, matasa a wace majalisa suke zama, yaya za a gane ko saƙon ya isa. Inda aka rasa wannan, asarar ba ta tsaya a kuɗi ba. Madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara aiki ne da injiniyoyi suka yi da ƙwarewa a ƙarshen shekarun 1970, amma an tashi dubban manoma daga gonakinsu ba tare da fahimtar yadda ake gadon fadama da yadda ake lissafin diyya a idon mai ita ba, har ta kai ga 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman a Afrilun 1980. Lissafin siminti ya yi daidai, lissafin mutane ne ba a yi ba. Shi ya sa a yau manyan masu ba da bashin ayyuka irin Bankin Duniya suke sharɗanta nazarin tasirin aiki a kan jama'a kafin su saki kuɗi, kuma masu rubuta wannan nazari albashi ake biyansu.

Mai suka na farko zai ce duk wannan daɗin baki ne, ga masu digirin nan suna tuƙa a-daidaita-sahu da sayar da katin waya. Gaskiya ne, kuma ba a amsa shi da lissafo 'yan tsirarun da suka dace. Sai dai ya kamata a lura cewa a layin neman aiki ɗaya suke tsaye da injiniyoyi da masu digirin kimiyyar sinadarai. C. Wright Mills ya bambance wannan a littafinsa na 1959: idan mutum ɗaya ne ba shi da aiki a babban gari, a duba halinsa da ƙwarewarsa, idan kuwa miliyoyi ne, a duba tsarin tattalin arziki. Masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai ba don yawan masu karatun soshiyoloji suka durƙushe ba. Amma akwai ɓangaren sukar da ya kamata jami'o'i su karɓa ba tare da kare kai ba. Ɗalibin da ya shekara huɗu yana haddar takardun malami, ya zauna a aji na mutum ɗari biyar, bai taɓa tsara tambayoyi ya shiga kasuwa ya tattara amsa ya lissafa ta ba, bai taɓa rubuta rahoto an mayar masa da shi sau uku da jan biro ba, wannan bai karanci fannin ba, sunayen marubutansa ya karanta. Ibn Khaldun ya yi wannan ƙorafi a kan makarantun zamaninsa. Ya ce ƙwarewa tana zama a jiki ne ta hanyar tattaunawa da muhawara, ya kuma kwatanta ɗaliban Maroko da ke shekara 16 a makaranta suna zaune shiru suna hadda da na Tunis da ke gamawa a shekara biyar. Laifin yana kan yadda ake koyarwa, kuma maganinsa gyara koyarwar.

A nan ne nake da ja a kan hanyar da aka bi wajen gyaran. A farkon 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, a zamanin Farfesa Abubakar Rasheed, ta sanar da rarraba kwas ɗin sadarwa zuwa digirori bakwai, ciki har da aikin jarida, hulɗa da jama'a, talla, watsa shirye-shirye, fim da sadarwa don raya ƙasa. Manufar tana da kyau, domin fannin ya yi faɗin da shekara huɗu ba za ta ɗauke shi ba, kuma ƙasar da ta tashi daga gidajen rediyon gwamnati kaɗai kafin 1992 zuwa ga tashoshi masu zaman kansu irin su Freedom Radio da Arewa24 da kasuwar Kannywood tana buƙatar ƙwararru a kowane lungu. Haɗarin shi ne a ɗauka cewa ƙuntata sunan digiri shi ne kusantar da shi ga aiki. Wanda aka yaye a 2005 an koya masa tace murya a kaset da tsara shafin jarida, yau yana aiki da waya da Facebook da TikTok, kuma ba wanda zai rantse a kan abin da za a yi amfani da shi nan da shekara goma, musamman da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara rubuta sanarwa da haɗa murya. Abin da bai sauya ba tun zamanin kaset shi ne tambayoyin nan: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, me zai samu idan na yarda, wa zai cutu idan na yaɗa. Duk digirin da aka tsaga daga cikin bakwai ɗin, idan bai tsaya a kan waɗannan ba, kuma bai tura ɗalibinsa ya ɗauki darasin hanyoyin bincike da ƙididdiga a sashen soshiyoloji ba, ya rage masa hanyoyin cin abinci ne da sunan ƙara su.

Mai suka na biyu zai kawo Abubakar Imam. Bai yi digirin aikin jarida ba, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma har yau ba a cika samun mai alƙalaminsa ba. Haka 'yan kasuwar Kwari da Dawanau sun san halin mai saye fiye da farfesan talla. Wannan ma gaskiya ne, amma bai kai inda ake son ya kai ba. Imam ya yi Kwalejin Katsina, ya fito daga gidan malamai, ya koyar, sannan ya yi shekaru a Zariya yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Rupert East. Horo ya samu mai tsanani, sunansa ne kawai ba digiri ba. Irin wannan dama ta zama a gaban gwani tana samuwa ga mutum ɗaya cikin dubu, jami'a kuwa ƙoƙari ce na ba sauran ɗari tara da casa'in da tara wani abu daga cikinta. Kuma sanin ɗan kasuwa, da zurfinsa, sani ne na inda ya saba. Kai shi sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ko Diffa ka ce ya gano dalilin da ya sa mata ba sa zuwa karɓar abinci, zai buƙaci hanya ta bincike da ba ta dogara da sabo ba, kuma wannan hanya ita ake koyarwa.

Suka ta uku ta fi shafar mai addini, kuma ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta. Iyayen soshiyoloji na Turai ba masu ibada ba ne. Auguste Comte ya so ya maye gurbin addini da wani addinin bautar ɗan Adam, Émile Durkheim ya bayyana addini a littafinsa na 1912 a matsayin al'umma tana girmama kanta, matsayin Karl Marx kuwa sananne ne. Nazarin al'adu ya yi wa mulkin mallaka hidima, kuma littafin C. K. Meek na 1925 a kan ƙabilun Arewacin Najeriya aikin jami'in gwamnatin mallaka ne. Fannin sadarwa ma yana da nasa tabon: Edward Bernays, wanda ake kira uban hulɗa da jama'a, shi ne ya shirya mata su yi maci suna shan taba a titin New York a 1929 don kamfanin sigari ya samu sabuwar kasuwa, ya lulluɓe abin da sunan 'yanci. Ba a musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma dole a raba tsakanin aƙidar mai bincike da hanyar bincikensa. Lokacin da Durkheim ya nuna da alƙaluma a 1897 cewa kashe kai ya fi yawa inda zumunci ya yi rauni, ya faɗi abin da limami zai iya amfani da shi a huɗuba ba tare da ya karɓi ra'ayinsa a kan asalin addini ba. Max Weber da kansa ya faɗa wa ɗalibai a Munich a 1917 cewa kimiyya tana iya nuna wa mutum hanyar cimma buri da abin da zai biyo baya, amma ba za ta zaɓa masa burin ba. Musulmi kuwa ba baƙo ba ne a wannan fage. Suratul Hujurat ta yi umarni da bincika labarin fasiƙi kafin a cutar da wasu bisa jahilci, ta kuma bayyana cewa an yi mutane dangogi da ƙabilu ne don su san juna, sannan malaman hadisi sun gina ilimi sukutum na tantance masu ruwaya. Ɗalibin da ya zo da wannan gado ba aro yake yi ba, kuma yana da abin da zai auna Comte da shi.

Tabon Bernays kuwa hujja ce a kan buƙatar karatun. Ƙwarewar shawo kan jama'a tana nan ko jami'a ta koyar ko ba ta koyar ba, kuma wadda ta kai ɗigon rigakafi bakin yaro ita ce ta yi wa gidan rediyon RTLM aiki wajen tunzura kisan ƙare dangi a Ruwanda a 1994, gidan da wata kotun ƙasa da ƙasa ta hukunta jagororinsa a 2003. Ba ma sai da mugun nufi ba. A Nuwamban 2002 'yan layuka a jaridar ThisDay a kan gasar sarauniyar kyau, waɗanda suka wuce ta gaban editoci ba wanda ya auna yadda za su sauka a zuciyar Musulmi, sun zama sanadin rikicin da ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna. A Agustan 2014 saƙon waya cewa wanka da shan ruwan gishiri yana kare Ebola ya zagaye ƙasar cikin dare ɗaya, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka mutu. Magana zarar bunu ce, kuma yau kowane mai waya yana riƙe da bunun. Saboda haka darasin ɗa'ar aiki, wanda ɗalibai ke ɗauka kwas ne na cike gurbi, yana cikin tsakiyar shirin sana'a. Gidan rediyo, ƙungiyar agaji ko kamfani ba ya biyan mutum don iya magana kawai, yana biyansa ne don a yarda da shi, kuma wanda aka kama da ƙarya sau ɗaya ya zubar da jarin da ya ɗauke shi aiki dominsa.

Don haka uban da ke tambayar aikin da ɗansa zai yi ya ci gaba da tambaya, amma ya kai ta ga sashen kafin ya biya kuɗi. Ya tambaya ko ana fitar da ɗalibai zuwa ƙauye da kasuwa su yi bincike da hannunsu, ko ana koya musu ƙididdiga da kwamfuta, ko gidan rediyon makarantar yana aiki kuma ɗalibai ne ke gudanar da shi, ko watannin koyon aiki a masana'anta zuwa ake yi ko sa hannu kawai, ko ana horar da su rubutu da magana da Hausa kamar yadda ake yi da Turanci, tunda da Hausa mafi yawan waɗanda za su yi wa aiki suke sauraro. Sashen da ya amsa waɗannan da e, a ba shi yaro da kwanciyar hankali. Wanda ya kasa, a nemi wani.